Hukuncin Cinikin Tarbo Da Kayansa Tsakanin Masu Sha'awar Motoci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta, Ya buɗe masa hanyoyin neman abinci a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da riƙon amana a fatauci tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani irin ciniki da ya yi ƙarfi tsakanin samari masu sha'awar motoci, waɗanda ƙarfin da kamfani ya ba injin ba ya isarsu. Sukan sayi wata na'ura da ake kira tarbo su ɗaura wa motar da ba ta zo da ita ba, ko kuwa su cire ƙaramar da ta zo da ita su sa babba. Idan wannan ya gaji da tasa sai ya kwance ya sayar wa wancan, wancan kuma ya haɗa da ciko ya yi musaya da wani. Wasu kayan sababbi ne daga kamfanonin da ba su ne suka ƙera motar ba, wasu kuwa gwanjo ne da aka kwanto daga motocin Japan da Jamus da Amurka, ko aka auno daga Sharja. A ƙasar nan akan neme su a Ladipo ta Ikko, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, ko da yake yawancin cinikin samarin a waya yake ƙarewa, da hoto da 'yar gajeriyar magana. Ba kuma 'yan sha'awa kaɗai abin ya shafa ba. Direban babbar mota wanda abincin iyalinsa ke rataye da injin gas, shi ma idan tarbonsa ta mutu wannan kasuwa zai shiga.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Malamai kuma sun ce hukunta abu yana biyo bayan sanin abin. Saboda haka tilas a fara da bayanin ita na'urar.

Injin mota yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska a cikin silinda. Iyakar iskar da ta shiga, iyakar man da zai ƙone ke nan. Tarbo kuwa fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin zuwa salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin injin da ƙarfi. Watau hayaƙin da dā asara ne, an mayar da shi ɗan aiki. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan injuna kafin ta shigo ƙananan motoci a Amurka a 1962, cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Daga baya Porsche ta fito da tata a 1975, Mercedes ta sa wa injin gas na 300SD a 1978, Peugeot ta biyo da 604 a 1979. Yau kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner da Mitsubishi da IHI su ne aka fi sani da ƙera ta, sai Holset a manyan motoci.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan. Tayar motar da ke gudun kilomita 100 a awa ba ta kai juyi 1,000 a minti ɗaya ba. Injin kansa yana wajen juyi 3,000. Amma sandar tarbo takan wuce juyi 150,000 a minti, cikin zafin da a injin fetur yakan haura digiri 900, ba ta kuma da abin da take hawa sai ɗan siririn baƙin mai tsakaninta da boris. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙu, ko ya zo da datti, ko aka riƙa kashe mota nan take bayan doguwar tafiya har man ya ƙone a ciki, sandar ta ci rauni. Idan ɗan tsakuwa ya shiga ya gutsure bakin fankar, ma'auninta ya karkace, daga nan kwanakinta ƙidayayyu ne. Duk wannan kuwa yana ɓoye cikin ƙoƙon ƙarfe, wanda idan aka wanke shi da fetur aka goge aka fesa masa fenti, sai ya yi ƙyalli kamar yau ya fito daga kwali. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba kasafai ake samun haja da aibinta ke ɓuya haka ba, don haka ba kasafai ake samun haja da ke jarraba imanin mai sayarwa kamarta ba.

Asalin cinikin halal ne. Alƙur'ani mai girma ya halatta ciniki ya haramta riba, ya kuma hana mutane cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai ta fatauci da yardar juna. Tarbo abu ne mai tsarki, mai amfani, ana iya miƙa shi, waɗannan kuwa uku ne daga sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka gindaya wa abin sayarwa. Na huɗun shi ne a san abin da ake saya da kuɗinsa, a nan ne kuma ƙafafu suke zamewa.

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Da ya tambaya, mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. A lura, mutumin nan bai faɗi ƙarya da bakinsa ba. Jera kayan kawai ya yi yadda za su ruɗi ido. To, ina bambancinsa da wanda ya san tarbonsa tana yoyon mai har motarsa tana fitar da shuɗin hayaƙi, ya kwance ta, ya wanke man tas, ya ɗauki hotonta ta gefen da ya fi kyau, ya aika ba tare da ya ce uffan ba? Littattafan fiƙihu suna kiran wannan ruɗi na aiki. Babban misalinsa shi ne ɗaure hantsar akuya ko taguwa kwana biyu ba a tatsa ba, don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Annabi ya hana haka, ya ba wanda aka yi wa zaɓin ya riƙe dabbar ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Fenti a kan tsohuwar tarbo ɗaurin hantsa ne na wannan zamani.

Wani zai ce ai kowa ya san gwanjo gwanjo ne. Gaskiya ne, kuma ba a mayar da gwanjo don an ga alamar tsufa a jikinsa, domin a kan haka aka saya. Ɗan motsin da sandar tarbo mai boris na mai take yi gefe da gefe, muddin fankar ba ta gogar bango, ba aibi ba ne a wurin masana. Amma motsi na gaba da baya, ko tsagewa a ƙoƙon da hayaƙi ke bi, ko fanka mai gutsurarren baki, ko ƙofar rage iska da ta daskare, waɗannan aibobi ne masu rage kuɗi, wajibi ne wanda ya san su ya faɗa, ya kuma faɗa filla-filla. Malikiyya ba su yarda mai kaya ya dunƙule magana ya ce "akwai 'yan matsaloli" ba, alhali ya san takamaimai inda ciwon yake. Sai ya nuna wurin, ya faɗi girmansa.

Daga nan sai maganar da ta fi kowace yawo a bakin samarin, watau "yadda ka gan ta haka ka saya, ba a dawowa da kaya." Malamai suna kiran wannan cinikin kuɓuta daga aibi. Hanafiyya sun inganta shi. Abin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik kuwa shi ne ba ya amfani a irin waɗannan kayayyaki. Amma ko a wurin waɗanda suka inganta shi, babu malamin da ya ce wannan kalma tana wanke zunubin wanda ya san aibi ya yi shiru. Iyakarta ta kare shi a gaban alƙali. Wanda ya saya daga kwantena bai taɓa ɗaura ta a mota ba, ya ce wa mai saye bai gwada ba, bai san cikinta ba, wannan ya fita haƙƙi wajen Allah. Wanda kuwa ya ji kukanta da kunnensa wata guda yana tuƙi, sa'an nan ya fake da "ba a dawowa da kaya," ya sani kalmar ba ta halatta masa ko kwabo ba.

Idan aibi ya bayyana bayan ciniki, Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil sun yi bayanin mafita. Mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe a kan kuɗin da ya biya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Idan wani sabon aibi ya auku a hannunsa, sai ya zaɓa tsakanin ya riƙe a biya shi ragin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya ragin sabon. Idan kuwa mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, kayan kuma suka hallaka ta dalilin wannan aibin, asarar tasa ce, zai mayar da kuɗi duka. Wannan na ƙarshe ya dace da tarbo ƙwarai, gama sau da yawa ba ta mutuwa ita kaɗai. Idan fankar ta tarwatse, gutsattsarinta kan bi iska su shiga injin su ɓata fistin da bawul. A injin gas ma akwai abin da ya fi haka muni: idan tarbo ta riƙa tura baƙin mai cikin silinda, injin yakan kama shan man nan yana ta ƙara gudu, a zare makulli bai tsaya ba, har ya kashe kansa. Ko mai sayarwa zai biya injin da ya lalace, wannan magana ce ta alƙali bayan ya saurari masana sana'ar, amma a tsakaninsa da Ubangijinsa ya san abin da ya jawo.

Akwai wata mas'ala da mai neman mafaka zai iya kamawa. Halil ya ambaci cewa ba a mayar da kaya saboda aibin da ba a iya gane shi sai an ɓata kayan, kamar ɓaragurbin cikin katako ko ɗacin kokwamba. Ba daidai ba ne a jawo wannan a ɗora wa tarbo. Dalilin hukuncin shi ne mai saye da mai sayarwa duka jahilan abin da ke ciki ne, ba kuma hanyar sani sai an fasa. Tarbo kuwa ana kwance ta a duba a mayar, ana ɗaura ta a gwada. Mafi kyau ma tun farko a yi sharaɗin zaɓi na kwana biyu ko uku don gwaji, wanda shari'a ta yarda da shi, a rubuta a jikin rasit tare da lambar da ke kan farantin na'urar.

Kada mai saye ya zaci wa'azin na mai sayarwa ne kaɗai. Da yawa daga tarbon da ake dawowa da su ana rantsuwa matattu aka sayar, hannun mai ɗaurawa ne ya kashe su. An ɗaura ba a zuba mai a cikinta ba kafin a tayar da injin, ko an bar tsohon bututun mai da ya toshe, ko an matsa mata iska fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka don a burge abokai. Wanda ya yi haka ya koma yana neman kuɗinsa, shi ne azzalumin. Haka nan wanda ya ga aibi ya ci gaba da hawa motar mako da makonni ba da wani uzuri ba, malamai sun ɗauki wannan a matsayin yarda, zaɓinsa ya faɗi.

Sai batun kwaikwayo. Babu laifi a sayar da tarbo ko cikinta wanda wani ƙaramin kamfani ya ƙera, mai araha, idan an faɗi ko na wane ne. Talaka ma yana da haƙƙin ya tayar da motarsa da abin da aljihunsa zai iya. Haramun ita ce a saka shi cikin kwalin Garrett ko Holset, ko a manna masa farantin da ba nasa ba, ko a gyara tsohuwa a ce sabuwa ce. Fankar da ke cikin wuta ana yin ta da wani gauraye na ƙarfe mai jure zafi, ana kuma daidaita ma'auninta a kan na'ura ta musamman. Ido ba ya bambance wadda aka yi wa haka da wadda ba a yi wa ba, sunan da ke jiki kaɗai mai saye ya dogara da shi. Mai jabu ya cuci mai saye, ya kuma cuci mai sunan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙi ne na mai shi, ba ya halatta a taɓa. Idan aka haɗa da rantsuwa, "wallahi orijina ce, ko kilomita 5,000 ba ta yi ba," abin ya ƙara nauyi, domin hadisi ya tabbata cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka, kuma mai sayar da kayansa da rantsuwar ƙarya yana cikin mutum uku da Allah ba zai dube su da rahama ba ranar Alƙiyama.

Akwai kuma wanda ya zo bai san komai ba, ya ce wa mai kaya, "Ga irin motata, ka ba ni wadda ta dace, na yarda da kai." Wannan ya miƙa wuya, cutarsa kuwa ta fi muni, har malamai suka ba shi damar warware ciniki idan aka yi masa tsadar da ta wuce al'ada. Sau da yawa yaro yakan nace sai babbar tarbo, yana zaton girma shi ne ƙarfi, alhali ƙaramin injin ba ya fitar da hayaƙin da zai juya ta da wuri, motar sai ta yi nauyi a ƙasa, in ta tashi kuma ta fi ƙarfin fistin da gaskit, musamman in ba a sa mata abin sanyaya iska ba, ba a kuma gyara awon mai ba. Mai kaya ya san haka. An ruwaito cewa wani mutum ya sayi raƙuma a gidan sahabi Wasila ɗan Asƙa'u, Allah Ya yarda da shi, daga hannun wani. Da ya ja ta ya fita, Wasila ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko nama yake so da ita ko tafiya. Ya ce hajji zai yi a kanta. Wasila ya nuna masa rauni a tafin ƙafarta, har mai raƙumar ya yi ƙorafin an ɓata masa ciniki. Wasila ba shi ne mai kayan ba, ganau ne kawai. Wannan ya isa jan kunne ga abokan da ke tsaye a gareji, sun san tarihin na'urar sarai, suna kallo ana cutar baƙo suna murmushi. Balle wanda aka jiƙa da shi ya riƙa taya kayan da tsada ba don zai saya ba, sai don baƙon ya ƙara, wanda hani ya zo a kansa a sarari.

Bakanike da aka aika sayayya wakili ne, wakili kuwa amintacce ne. Idan ya sayo a kan kaza ya ce kaza ne, ko ya haɗa baki da mai shago aka rubuta rasit biyu, abin da ya ɗora ba la'ada ba ce, ha'inci ne. La'ada ita ce wadda mai biya ya san da ita. Ya faɗi ladan zirga-zirgarsa a fili, ya karɓa halal. Malikiyya kuma suna lamuntar da mai sana'a abin da ya lalace a hannunsa daga kayan da aka ba shi aiki ya keɓanta da su, sai in ya kawo shaidar ba da sakacinsa ba ne.

Cinikin waya yana da nasa hukunci. Sayar da abin da ba ya wurin a kan siffa ya halatta a mazhabar Malik, idan ya zo yadda aka siffanta ciniki ya zauna, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Amma wanda ya ɗauko hoton tarbon da ke shagon wani a Sharja ya sayar da ita kamar tasa, ya karɓi kuɗi, sa'an nan ya tafi nema, ya faɗa cikin abin da Annabi ya hana Hakimu ɗan Hizamu, watau sayar da abin da mutum bai mallaka ba. Mafita mai sauƙi ce: ya ce shi ɗan aike ne, zai sayo a kan lada sananne. Game da kafin alƙalami wanda ba a mayarwa idan an fasa, Imamu Malik ya hana, Imamu Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu kuma a zamanta na Burunai a 1993 ta bi halaccin idan an yanke lokacin jira. Wanda ya mayar wa ɗan'uwansa kuɗinsa ya fita daga saɓani. Musayar tarbo da tarbo da ciko, hannu da hannu, ba laifi. Kayan da aka kawo da tsakar dare a kan rubu'in kuɗinsu kuwa, mai saye ya san abin da zuciyarsa ta gaya masa, kuma duk ranar da mai su ya gane su zai karɓe abinsa.

Saura abin da ake yi da ƙarfin bayan an same shi. Sha'awar mota ba zunubi ba ce, sahabbai sun yi tseren dawaki da izinin Annabi, a fili da aka keɓe, da iyaka sananna. Amma titin da yara ke tsallakawa zuwa makarantar allo ba filin sukuwa ba ne. Dokar hanya ta ƙasar nan ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan babbar hanya, kuma wancan zama na 1993 ya tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, direba yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo da ganganci ko sakaci. Wanda ya kashe rai da kuskure, akwai diyya, akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere. Shi kuma mai sayarwa ba a ɗora masa binciken zuciyar kowane mai saye ba. Sai dai Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, da makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi. Idan yaro ya zo da bakinsa ya ce yana son tarbon ne don wasan mota a cikin unguwa ranar ɗaurin aure, mai kaya ya riga ya sani, kuma ba shi da sauran cewa shi ƙarfe kawai ya sayar.